Martani: Ba kowane baƙon Ikko ne zango ya dace da shi ba

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa marubuci, wanda zan kira Malam a nan, ya yi kwanakin baya a kan inda ya kamata baƙo ya sauka in ya je Legas. Sau biyu na karanta, gudun kada in ɗora masa abin da bai faɗa ba. A dunƙule, cewa ya yi duk Bahaushen da tafiya ta kai shi Ikko ya nufi unguwannin 'yan'uwansa kai tsaye, Agege ko Idi-Araba ko Mile 12, ya ajiye jakarsa a can. Wai a can ne zai ji kiran assalatu, ya ci tuwo da miyar kuka, ya kwana hankalinsa kwance, guzurinsa kuma ya yi auki. Wanda kuwa ya tsallake waɗannan unguwanni ya je ya kama ɗaki a Ikeja ko Victoria Island, Malam ya sa shi a sahun masu gudun dangi, waɗanda boko ko ɗan abin hannu ya sa suna ƙyamar nasu.

Malam, rubutunka ya yi daɗin karatu, kuma na san da zuciya ɗaya ka yi shi. Amma shawarar da ke ciki, in aka ɗauke ta yadda ka bayar da ita ba togaciya, za ta cuci mutane da yawa. Ni ta taɓa cutata, tun kafin ka rubuta ta.

Shekarun baya wata buƙata ta kai ni Legas. An ba ni ƙarfe 8 na safe a wani ofishi da ke Victoria Island, irin ofisoshin nan da in lokacinka ya wuce ba ruwansu da daga inda ka fito. Ina da ɗan'uwa a Agege, ɗan wan mahaifina ne, yana da shagon kayan masarufi. Ban ma tsaya shawara da kowa ba. Wa zai je gari yana da ɗan'uwa ya kwana a otal? Na isa da la'asar, aka yi murna, aka kawo fura, aka kawo tuwo. Bayan isha'i 'yan garinmu suka yi ta shigowa gaisuwa, kowa da tambayarsa a kan gida: wane ne ya rasu, wace ce aka aurar, yaya damina. Ba mu tashi ba sai da sha biyun dare ta gota. Ina idar da sallar asuba na fita, ina ganin na yi sammako, ashe wani a tafe ya kwana. Tasha ta riga ta cika maƙil. Na shiga danfo zuwa Oshodi, na sake wani zuwa Obalende, sai ga mu a kan doguwar gadar nan ta Third Mainland, mota ba gaba ba baya. Na ƙare wa bukkokin Makoko kallo, waɗanda aka kakkafa a kan ruwa, har na koma ƙirga kwale-kwalen masunta. Ƙarfe goma ta wuce kafin in isa. Aka ce in nemi wata rana. Ranar da na samu sai bayan mako uku, wato sai da na koma Kano na sake dawowa. Kuɗin ɗakin kwana ɗaya da na yi wa tattali, na biya ninkin-ba-ninkinsa a kuɗin mota.

Abin da Malam ya manta shi ne Legas ba irin Zariya ko Sakkwato ba ce, inda ko'ina ka sauka ɗan lokaci kaɗan zai kai ka ɗaya ƙarshen gari. Ruwa ne ya raba ta. Yawancin jama'a a kan tudu suke kwana, Agege, Mushin, Oshodi, Ketu, Ikorodu da sauransu, alhali manyan ofisoshi da hedikwatocin bankuna da ƙananan ofisoshin jakadanci suna tsallaken ruwa, a tsibirin Legas da Ikoyi da Victoria Island, har zuwa Lekki. Gadoji uku ne suka haɗa tudun da tsibirin: Carter, Eko, sai Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, wadda Janar Babangida ya buɗe a 1990. Da safe gari gaba ɗaya yana kwarara zuwa tsibiri ta waɗannan maƙogwaro uku, da yamma ya juyo. In aka rufe wani ɓangare na babbar gadar don gyara, kamar yadda aka yi a 2020 da kuma 2024, sai dai addu'a. Tsakanin Agege da Victoria Island bai kai Kano zuwa Wudil ba, amma direban Wudil zai iya zuwa ya dawo kai kana kan gada. Shi ya sa ɗan Legas in ka tambaye shi nisan wuri ba zai ce maka kilomita kaza ba, sai ya tambaye ka ƙarfe nawa za ka fita. Gosulon garin kuwa bai san babba ba: a cikinsa aka tare motar Janar Murtala a Ikoyi ranar 13 ga Fabrairu 1976, yana kan hanyarsa ta zuwa barikin Dodan. Allah ya jiƙansa.

Babbar hujjar Malam ita ce al'ada. Ya ce kakanninmu fatake, ko'ina suka je a Kurmi, a zango suke sauka. Haka ne. Sai dai bai tambayi kansa me ya sa ba, kuma a nan ne muka raba hanya.

Bafatake ba kewar miyar kuka ce take kai shi zango ba. Maigidan da yake saukar da shi, wanda wasu ke kira fatoma, shi ne yake ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta da mutanen gari, ya tsaya masa in an ɗauki shanunsa bashi, a ƙarshe ya ci la'adarsa. Wani Bature mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 yana nazarin wannan tsari a cinikin shanu da goro, ya nuna yadda duk kasuwancin ya rataya a wuyan waɗannan masu masauki. Ashe zango wurin kwana ne, kuma ofis ne, kuma banki ne, kuma kotu ce. Mai kaya yana kwana a can ne domin a can cinikinsa yake.

Dubi ma inda unguwannin Hausawan Legas suke, Malam. Ba wuri ɗaya aka tara su ba, kowace a kan sana'arta ta tsiro. Agege goro ne da layin dogo suka raya ta, tun bayan da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911 ya zama ana iya loda huhun goro a nan a sauke a Arewa, daga baya mayankar Oko-Oba ta ƙara mata 'yan shanu da mahauta. Mile 12 ta 'yan gwari ce, masu tumatir da albasa da attarugu da ake saukewa daga manyan motoci tun kafin gari ya waye. Alaba Rago, can hanyar Badagry, sunanta ma ya faɗi abin da aka san ta da shi. Obalende kuwa, wadda Malam bai ko ambata ba, tsohon mazaunin sojojin Hausawa ne na zamanin Turawa, zuriyar aikin da wani Bature mai suna Glover ya fara a 1863 lokacin da ya kafa rundunarsa ta Hausawa, kuma tana manne da Ikoyi inda bariki yake.  Mai shanu bai taɓa sauka a Mile 12 don a can 'yan garinsu suka fi yawa ba, mai albasa kuma bai taɓa kai buhunansa Oko-Oba ba. Kowa kusa da kasuwarsa yake kwana. To in haka ne, wanda aka ba ƙarfe 8 a Victoria Island ya je ya kwana a Obalende ko a kan tsibirin, shi ne ya bi sawun fatake. Ni da na kwana a Agege, sunan al'adar kawai na riƙe, hikimarta na bar ta a gida.

Batun araha ma lissafin Malam bai cika ba. Kuɗin ɗaki kaɗai ya ƙirga. Bai sa kuɗin mota na zuwa da dawowa kullum ba, bai sa tsarabar da ba za ka shiga gidan mutane hannu rabbana ba, bai sa ɗan abin da za ka miƙa wa yara ranar tafiya ba. Ya kuma bar babban kuɗin, wanda ba daga aljihun baƙo yake fita ba. Yawancin 'yan'uwanmu da ke Agege da Idi-Araba ɗaki ɗaya suke haya, mai ɗan hali ciki da falo, a gidan da iyalai da yawa suke layin banɗaki guda, ruwa kuma sai an saya wurin 'yan garuwa. Ka zo, an tura matar gida ta kwana wajen maƙwabta, yara sun koma ƙasa, maigida ya rufe shagonsa ya raka ka don kada ka ɓata. Ba zai taɓa buɗe baki ya ce ka takura masa ba, kara ba za ta bar shi ba. Muna cewa baƙo raɓa ne, amma ai raɓa hantsi na yi take bajewa. Baƙon yau da ya zo bin takarda a ofis ko ganin likita yana iya share mako biyu. Na san magidanta a Legas da baƙi ba sa yanke musu daga wannan salla zuwa waccan, kuma ba la'adar da suke ci kamar fatoman da. Sauƙin da Malam yake yi wa baƙo alkawari, waɗannan bayin Allah ne suke biyansa.

Sannan da maza Malam yake magana, mazan ma matasa masu ƙarfi a jika. Saurayi ɗan ci-rani zai shimfiɗa kwali a shago ko ya raɓa a baranda ta masallaci, gari ya waye ya kaɗe rigarsa. Matar da ta kawo ɗanta asibiti fa? Dattijon da ƙafa ta hana shi hawa gadar masu tafiya a ƙasa ta Oshodi fa? Da can akan ce in hanya ta cushe sai a hau acaɓa a ratsa. Tun 1 ga Yunin 2022 gwamnatin jihar ta haramta acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja, Surulere, Apapa, tsibirin Legas da Eti-Osa, wadda ta ƙunshi Ikoyi da Victoria Island da Lekki, kuma dokar ba direba kaɗai take kamawa ba, har fasinja. Wannan ƙofar ma ta rufe.

A kan tsaro, rabin maganar Malam gaskiya ce, ba zan ƙwace masa ita ba. In aka yanke maka aljihu a Legas, ba inda za ka je a tausaya maka kamar zango. Za a kai ka wurin Sarkin Hausawa, a yi maka karo-karo a masallaci, a sa ka a motar da ta sauke kaya za ta koma Arewa. Ba otal ɗin da zai yi maka wannan. Amma kada mu rufe ido a kan ɗaya rabin. Rikicin Idi-Araba na Fabrairun 2002 da na Mile 12 na Maris ɗin 2016, wanda har ya sa aka rufe kasuwar, duk a waɗannan unguwanni aka yi su, kuma ranar da ƙura ta tashi mazaunin unguwa ya san lungun da zai bi, baƙo bai sani ba. Irin wannan ba kullum ba ne, alhamdu lillahi. Haɗarin kullum yana kan hanya. Duk wanda masaukinsa ya yi nisa da buƙatarsa, dole ya fita cikin duhu ya dawo cikin duhu, lokacin da motocin 'yan ƙwace da mutanen Legas ke kira wan-cans suke yawo, su ɗauki fasinja kamar motar haya, su tatse shi, su watsar a gefen titi. Baƙon da bai san kalar motar gaskiya ba, bai jin Yarabanci, ga jaka a hannu, shi suke nema. Rage sa'o'in da za ka yi a kan titi da dare ya fi maka yawan 'yan'uwa a unguwar da ba ka isa ba tukuna.

Zancen salla da abinci kuwa, da Malam ya bar shi. Legas gari ne na Musulmi da yawa tun kafin a haifi kakanninmu. Masallacin Shitta-Bey da ke kan tsibiri tun 1894 yake tsaye, babban masallacin Juma'a na titin Nnamdi Azikiwe an buɗe sabon gininsa a 1988, Lekki ma tana da nata babban masallacin. Tsiren Obalende ya yi suna a duk faɗin garin. Ka tsaya a bakin kowane layi a Ikoyi ka yi sallama, da wuya maigadi ko mai shayi ko mai facin takalmi bai amsa maka da Hausa ba, wani ɗan Katsina, wani ɗan Maraɗi, kuma shi zai nuna maka inda ake jam'i da inda ake sayar da tuwo. Bahaushe ya yi yawa a Legas, ba sai an je Agege ake ganinsa ba.

Kada a ɗauka kuma tallar Lekki nake yi. Wanda harkarsa take Ikeja amma ya tafi ya kama ɗaki a Lekki don ya ɗauki hoto a bakin teku, kuskurena ya maimaita, nasa ma ya fi tsada. Lekki da Victoria Island in damina ta sauka ruwa har cikin falo, wanda ya ga ambaliyar Yulin 2017 ba sai an ba shi labari ba. Ruwan burtsatsen wasu gidajen ja ne, ko alwala sai ka yi tunani. Babbar hanyar da ta ratsa yankin zuwa Epe kuwa, in ta toshe ta toshe.

Abin da nake cewa bai wuce a fara tambayar baƙo abin da ya kawo shi ba. In motar tumatir ya rako, Mile 12 ko Ketu, ba musu. In shanu ne, Agege. In mara lafiya ya kawo asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, to Idi-Araba ce ma unguwar da asibitin yake, a nan shawarar Malam ta faɗa daidai, Surulere kuma tana maƙwabtaka ga mai son ɗaki nasa shi kaɗai. Wanda ya zo sarin waya a Computer Village, ko yake da aiki a Alausa, inda sakatariyar gwamnatin jihar take, ko zai tashi a jirgin safe daga filin jirgin Murtala Muhammed, Ikeja ce tasa, kuma shi kam in ya kwana a Agege bai yi laifi ba, don maƙwabta ne. Mai neman kayan gyaran mota a Ladipo ya nemi wajen Mushin ko Oshodi. Mai zuwa kasuwar Alaba ta kayan lantarki ya tsaya ɓangaren Ojo. Mai fitar da kwantena ya matso Apapa. Wanda zai je neman bizar Amurka a titin Walter Carrington ya kwana a tsallaken gada in da hali, in aljihu bai kai Victoria Island ba ga Obalende, in ita ma ba ta samu ba to Yaba ko Ebute Metta ko Surulere, waɗanda suke bakin gadojin. Wanda kuma aikinsa yake matatar Ɗangote ko sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lekki, waɗanda aka ƙaddamar a 2023, in ya kwana a Agege tamkar ya kwana a wata jiha ne.

Akwai hujja ɗaya da ta fi duk waɗanda Malam ya kawo ƙarfi, bai kuwa kawo ta ba, bari in ara masa. Tun Oktoban 2024 jirgin ƙasa na cikin gari, jan layi, ya fara ɗaukar fasinja daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa a Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba. Wannan ya matso da Agege kusa da tsakiyar gari fiye da lokacin da na sha tawa wahalar. Shuɗin layi kuma, daga Marina zuwa Mile 2, yana aiki tun Satumban 2023. Sai dai jan layin a Oyingbo ya tsaya, a kan tudu, mai zuwa tsibiri har yanzu sai ya sauka ya nemi mota ya hau gada. Jirgi kuma yana da lokutan tashinsa, da katin Cowry ake shiga, baƙon da ya sauka jiya da daddare bai san wannan ba sai an faɗa masa. Ya rage wahala, bai ɗauke ruwan da ya raba garin ba.

Kalmar da ta fi ci mini rai a rubutun ita ce gudun dangi. Zumunci a ƙafa yake, Malam, ba a katifa ba. Da na koma Legas karo na biyu, ɗan'uwan nan nawa da kansa ya ce mini a waya, "Yaya, don Allah wannan karon ka kwana a Obalende, in ka gama ka taho." Na kama wani ɗan ƙaramin ɗaki a can, fanka ce kawai a ciki, na ci tsire na kwanta da wuri. Kafin ƙarfe 8 ina bakin ofishin, kafin 10 na gama. Na hau mota zuwa Agege a lokacin da duk gari yake tahowa ta ɗaya hannun, hanya fayau. Kwana biyu na yi a gidansa, muka yi hirar da ba agogo a cikinta, na zaga 'yan garinmu gida-gida, har mayankar Oko-Oba aka kai ni kallo. Wannan ziyarar ta fi ta farko albarka nesa ba kusa ba, don ta farko jikina ne a Agege, hankalina yana kan gada.

Ina roƙon Malam ya janye wannan kalma, domin akwai masu karanta shi da za su kwana inda bai dace da su ba don gudun a kira su da ita. Kai kuma mai shirin zuwa Ikko, kafin ka kira ɗan'uwanka ka ce ga ka nan tafe, buɗe takardar da aka ba ka, ka duba sunan unguwar da ke jiki da ƙarfen da aka rubuta.